Babi na Shida: Rolar Allura a Ƙasar Noman Rani

Tsawonta bai wuce na cokalin cin abinci ba. Mariƙin roba ne, a bakinsa an maƙala 'yar ganga mai juyawa, jikinta fal ƙananan allurai a jere, waɗanda sai ka kai su kusa da ido ka karkata wajen haske kafin ka ga tsininsu. A jikin kwalin galibi akwai lamba 540, yawan alluran ke nan. Can a gefe, da ƙaramin rubutu, akwai wata lambar: 0.5 ko 1.0 ko 1.5, wani sa'in har 2.0. Wannan ita ce tsawon kowace allura a ma'aunin milimita, kuma duk abin da zai sami fuskar mai amfani da ita, alheri ko akasinsa, daga wannan lambar yake farawa. Ita ce kuma mai saye ba ta tambaya, mai sayarwa ba ta yin bayaninta. Masu talla a TikTok da Instagram suna ce mata dama-rola, 'yan mata kuma su ce rola kawai. Alkawarin da ake yi a kanta ba shi da iyaka: ta goge tabon ƙuraje, ta kashe nankarwa, ta dawo da gashin goshi da kitso ya cinye, ta tsirar wa saurayi gemu.

Abin bai tsaya a birni ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka janyo ruwa ta kanal zuwa gonakin Kadawa, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta daina jiran damina kafin ta ga kuɗi. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa, masara: wannan na fita, wancan na shiga. Kuɗin kuma ba a aljihun maza kaɗai yake ba. Matan da ke turara shinkafa a gida, da masu sari su kai inji, da uwayen adashi, kowa na da abin hannunta, 'ya'yansu kuma na riƙe da waya. Yarinya ta ga talla da daddare, ta tura kuɗi da safe, kafin la'asar direban motar Kano ya sauke mata saƙo a bakin titin Zariya. Babu likita a tsakani, babu ko mai kemis da zai ce mata, "Tsaya in ga fuskar tukuna."

Rolar ba yaudara ce zalla ba, wannan ne ma ya sa hana ta ke da wuya. Asalinta aikin asibiti ne. A 1997 wani likitan fiɗa a Kanada, André Camirand, ya ba da rahoton cewa idan aka bi tabo da injin zanen jiki ba tare da tawada ba, tabon yakan yi laushi, launinsa ya gyaru. A daidai wannan zamanin Dokta Desmond Fernandes na Afirka ta Kudu ya jera allurai a jikin ganga mai juyawa don a yi wa fata mai faɗi irin wannan aikin. Hikimar mai sauƙin fahimta ce. Fata hawa-hawa ce. Na sama siriri ne ƙwarai, a fuska kaurinsa kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita. A ƙarƙashinsa ne ake da hawa mai kauri, inda jijiyoyin jini suke, da wani zare da ake kira kolajin wanda ke riƙe fata ta tsaya da kyau. Idan allura ta huda zuwa can, jiki ya san an ji masa rauni, sai ya shiga gyara, a cikin gyaran ne yake saƙa sabon kolajin, ramin da ƙurji ya bari ya ɗan ciko. Ke nan allurar ba ta gyara komai da kanta. Rauni take yi, dubbai a zama ɗaya. Warkewar ce magani, ita kuwa tana cin lokaci: saƙar tana farawa cikin kwanaki, ta ci gaba har watanni. Shi ya sa a asibiti ake barin mako huɗu zuwa shida tsakanin zama da zama.

Manomin Bunkure ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Gona sau ɗaya ake yi mata haro, a zuba iri, a ba ta ruwa, a ƙyale ta. Wanda ya riƙa dawo da tarakta kowace safiya yana sake birkita wurin don yana ɗokin ganin tsiro, babu abin da zai gani sai ƙura. Haka fuskar da ake bi da rola kullum dare, ko sau uku a mako kamar yadda wasu masu sayarwa ke umarta. Raunin jiya bai rufe ba an buɗe na yau, sai fata ta zauna cikin kumburi da raɗaɗi, daga bisani ta yi duhu.

Wannan duhun ya cancanci a tsaya a kansa, domin mu baƙar fata ne, hotunan "kafin da bayan" da ke jikin kwalayen kuwa yawanci na fararen fata ne. Ƙwayoyin da ke samar da launi a fatarmu masu saurin tashi ne. Duk inda aka sami ƙuna ko kumburi ko susa, sai su zubo baƙi a wurin, shi ya sa ko cizon sauro aka sosa yakan bar shaida a ƙafar yaro har wata da watanni. To abin da 'yan mata ke kira tabon fimfus iri biyu ne, kuma rarrabe su ba ya buƙatar na'ura. Ki rufe ido ki shafa wurin da yatsa. In kin ji sumul, launi ne kawai ya taru, ba rami ba ne; wannan yakan dusashe da kansa sannu a hankali muddin an daina samun sababbin ƙuraje, an daina matsa su, an kare fuska daga rana. In kin ji ramuka-ramuka, wannan ne tabo na gaskiya, kuma don shi aka ƙirƙiro aikin allura. Ko hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, lokacin da ta fara amincewa da irin wannan na'ura a 2018, wato SkinPen, don tabon ƙurajen fuska ta amince da ita, ga waɗanda suka kai shekara 22, kuma a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Mafi yawan masu sayen rola a wajenmu baƙin launi ne ke damunsu. Sun ɗauki abin da ke jawo kumburi sun ɗora a kan matsalar da kumburi ne ya haife ta. Garin neman gira ake rasa ido ta wannan hanyar.

Ga mai ramuka kuma, tarkon a tsawon allura yake. Wadda za a iya amincewa da ita a gida, 0.25, ba ta isa inda ramin yake; iyakarta ta ɗan sa fata sheƙi, ta buɗe wa abin da aka shafa hanya. Wadda ke isa, 1.5 zuwa 2.0, ita ce mai fitar da jini, kuma aikin wanda ya san kaurin fata ne, wanda ya san kunci daban, goshi daban, ƙasan ido daban, yana rage zurfi yana ƙarawa gwargwadon wuri. Rola ba ta san wannan ba, tsawo ɗaya gare ta ko'ina ta bi. Adalci ne a faɗi cewa a hannun ƙwararre aikin allura ya fi wasu na'urorin hasken lesa aminci ga baƙar fata. Amma ƙwararren ne sharaɗin. Wasu masu talla har jini suke nunawa a bidiyo a matsayin shaidar cewa kayan na aiki. A gida, jini alama ce an wuce gona da iri. Ga shi kuma rola mai araha alluranta na lanƙwashewa bayan 'yan amfani, lanƙwasar da ido ba ya gani, sai ta koma yaga fata maimakon huda ta. Likitocin fata sun ba da rahoton mutanen da suka ƙare da sababbin tabo a jere, layi-layi, daidai sawun gangar. Akwai ma masu lafta man kashe zafi su rufe fuska da leda don su danna son ransu, alhali zafin nan shi ne ke gaya wa hannu ya sassauta.

Duk wannan lalacewar fuska ce, ana gani a madubi. Akwai wadda ba a gani, ita ce ta fi tayar mini da hankali.

A shiga ɗakin da ake gyaran amarya, saura mako biyu biki. Turaren wuta na tashi, ga kwanon dilka, ga halawa, ga lalle an kwaɓa, ƙawaye sun cika tabarma. Mai gyaran jiki ta gama bin kumatun amarya da rola, fuskar ta yi jajur, ɗigon jini ƙanana sun tsattsafo a goshi. Ƙanwar amarya ta matso.

"Anti, don Allah ni ma a ɗan goga min a nan, kin ga baƙin nan ya ƙi tafiya."

"To ƙanwata, bari in ɗauraye."

Ta tsoma ta a kofin ruwa da aka ɗiga wa Dettol, ta girgiza, ta goge da gefen zani. Kafin magariba rolar nan ta bi fuska huɗu ko biyar, gobe kuma tana jakar Anti za a tafi wani gidan bikin a Kura ko Garun Malam. Babu mugun nufi a ɗakin nan ko kaɗan. Mu mutane ne da aka raina da ƙyamar rowa, ba a son a ce ka hana ɗan'uwanka abin da ke hannunka. Amma allurar da ta shiga jikin mutum ba kayan aro ba ce. Babban binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Yawancinsu garau suke, ba su san suna da ita ba. Ƙwayar na iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai ko fiye, kuma ɗan abin da ido ba ya gani ya isa. Tsakanin allurai 540 da ke manne da juna akwai lungunan da ɗauraya ba ta kaiwa. An shigar da rigakafin wannan cuta cikin alluran jarirai a Najeriya a 2004, amma kowa ya san yaran karkara da yawa a Arewa ba su kammala alluransu ba. Shekaru na iya shuɗewa kafin cutar ta bayyana, da kumburin ciki ko shawara ko dajin hanta, lokacin kuwa babu mai tuna wani kofin ruwa a ɗakin amarya.

Kada a ɗauka hasashe ne. A birnin Albuquerque na jihar New Mexico a Amurka, hukuma ta rufe wani shagon gyaran jiki a 2018, kuma a 2024 cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bayyana cewa aƙalla mata uku sun kamu da cutar ƙanjamau, ana kyautata zaton ta dalilin gyaran fuska da allura da aka yi musu a wurin da kayan da ba a tsabtace ba. A nan gida, a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano, wanda ya haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Doka ce mai kyau. Sai dai amarya na iya karɓar takardarta lafiya ƙalau ranar Litinin, ta ɗauki cutar ranar Alhamis a wajen gyaran jiki, ta tafi da ita gidan miji. Mun riga mun koyi wannan karatu a wajen aski da kaciya: yau magidanci na zuwa da injinsa shagon aski, wanzamai da dama na buɗe sabuwar reza a gaban mai gida. Rola ta fi rezar aski shiga jiki. A asibiti, kan allurar sau ɗaya ake amfani da shi a jefar.

Ko da sabuwa fil aka ɓare wa amarya, lokacin ma bai dace ba. Kolajin watanni yake ɗauka, biki kuwa saura kwanaki. Sheƙi da cikar da ake gani kwana biyu bayan an yi, waɗanda ke sa ƙawaye cewa "kai, ta yi aiki", kumburi ne, zai saɓe. Abin da zai iya zama har ranar kamu shi ne ƙuraje da duhu. Sannan a ɗora dilka mai gurza fata, da halawa mai fizgar gashi, da hoda mai kauri, a kan fatar da ke da dubban ƙofofi a buɗe.

Ƙofofin nan su ne rabin labarin. Aikin hawan sama na fata shi ne tsare ƙofa, ya hana abin waje shiga. Rola na karya wannan tsaro na tsawon sa'o'i, abin da aka shafa a lokacin ya zarce ciki. Masu sayarwa sun san haka, shi ne ma abin tallarsu: "Ki goga, sannan ki shafa haɗin, zai fi shiga." Gaskiya suka faɗa, zai fi shiga. A 2014 likitocin fata a jihar Utah ta Amurka sun wallafa labarin mata uku da fuskarsu ta yi kumburi mai tauri da ƙulu-ƙulu a cikin fata, wanda ya daɗe bai warke ba, bayan an yi musu aikin allura tare da shafa mayukan gyaran fuska, biyu daga ciki mai bitamin C. Wannan fa kayan kamfani ne mai suna da adireshi. Ina ga namu haɗin? Lemon tsami, kurkur, zuma, kanwa, wasu har makilin. Ruwan lemon tsami kaɗai, in ya haɗu da hasken rana, yana ƙona fata ya bar baƙin tabo, ko da ba a huda ta ba.

Mafi muni shi ne ɗan farin robar nan marar rubutu da ake cewa "haɗin oganik". Sau da yawa abin da ke ciki ba ganye ba ne. Akan kwaɓa man shafawa da tuf-tuf na maganin fata masu ɗauke da sitiroyid, irin su kilobetasol da betametason, waɗanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci don cuta takamaimiya, a ƙara haidirokinon, wani sa'in har da makuri. Hukumar NAFDAC ta haramta makuri a kayan shafa, ta hana haidirokinon ya wuce kashi 2 cikin ɗari, a 2023 kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Amma robar da aka haɗa a ɗaki ba ta bi ta gaban kowace hukuma ba.

Fatar da ta daɗe tana shan sitiroyid tana da kamanninta. Takan yi siriri, jijiyoyi su fito kore-kore ko ja-ja a kunci, ƙananan ƙuraje su feso iri ɗaya, nankarwa mai faɗi ta tsattsage a dantse da cinya, rauni kaɗan ya ƙi warkewa. Haidirokinon kuma in aka daɗe a kansa yana juyawa ya haifar da baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kunci da gefen ido, inda rana ta fi duka. Tun 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana wannan a jikin mata baƙar fata, kuma yana daga cikin mafi wuyar magani. Ku dubi yadda abin ke zagayawa. Mai ya jawo ƙuraje da nankarwa da baƙin kunci. Sai a koma wajen wadda ta sayar da man, ita kuma ta kawo rola a matsayin mafita, da umarnin a ƙara shafa man bayan an goga. Fatar da maganin ya hana warkewa ita ake ji wa rauni da fatan ta warke, sannan a tura mata ƙarin abin da ya kassara ta. Makuri kuwa ba a fuska yake tsayawa ba, yana taɓa ƙoda da jijiyoyi, yana kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. A ganina duk macen da ke kan irin wannan mai, ko ta bar shi ba da daɗewa ba, babu tsawon allurar da ya dace da ita. Batun man za a fara kai wa likita, don shi ma sitiroyid in an yanke shi farat ɗaya fuska kan yi bore.

Sai kuma wurin da za a yi jinyar raunin. Umarnin da ke cikin kwalin yana ɗauka mai amfani za ta kwana biyu a ɗaki mai sanyi. Matar Kura fa? Da safe tana gaban tukunyar turara shinkafa, tururi da hayaƙin itace na dukan fuska. Da hantsi tana wajen shanya, a tsakiyar rana, tana juya shinkafa a kan buhunan da aka shimfiɗa. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40. In hunturu ne kuma iska na ɗauke da ƙura, ga ƙaiƙayin buntu da ke tashi daga injinan casa ya bi gari. Rana a kan fatar da aka huda ita ce hanya mafi sauri zuwa duhu, gumi da ƙura kuma su kawo ƙuraje. Ruwa ma abin dubawa ne. Kanal ɗin da ya kawo arziki a cikinsa ake wanki, yara na wanka, dabbobi na sha, kuma an daɗe da sanin tsargiya a yankin. Wadda ta yi rola da yamma za ta yi alwala da asuba, ta sake da azahar. Da wane ruwa? Hijabin da aka yini da shi yana gogar kunci da haɓa, da matashin da aka daɗe ba a canza wa riga ba, duk suna taɓa rauni ne a buɗe.

Samari ma sun shigo, ta ƙofar gemu. Abin da ake dogara da shi wani bincike ne da aka yi a Mumbai ta Indiya a 2013, a kan maza ɗari masu sanƙo, inda waɗanda aka haɗa wa allura da maganin minoksidil suka fi waɗanda suka shafa maganin kaɗai samun gashi. A kai aka yi shi, a asibiti, ga masu sanƙon gado. Gemun ɗan shekara goma sha tara kuwa lokaci da gado ne ke fito da shi, allura ba ta dasa saiwar gashi inda babu. Wanda ke fama da ƙurajen aski a haɓa ko masu tauri a ƙeya, rola na ƙara musu ƙarfi. Shagon askin da ya ajiye guda ɗaya don kowane kwastoma ya koma ɗakin amaryar can. Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da ƙasar noman rani. Tun bayan da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a 2016, feshi ya ƙaru a gonaki, kuma samari ne ke goya tankin, galibi ba takunkumi ba safar hannu. Fatar fuska da ta kai dama sun fi ta hannu saurin zuƙar maganin ƙwari. Yaron da ya huda haɓarsa da daddare ya fita feshi da sassafe, iska na maido masa da raɓar maganin, yana share gumi da bayan hannu, ya buɗe wa guba hanya da kansa.

Wasu kuma jikinsu ne gaba ɗaya bai yarda da rauni ba. Duk wanda ya tashi a cikin jama'a ya taɓa ganin wadda hujin kunnenta ya zama ƙwallo mai tauri, ko wanda tsagarsa ko shaidar allurar rigakafi a dantse ta taso ta yi tudu mai sheƙi, tana ƙaiƙayi tana ƙara girma. Kiloyid ke nan, ya fi yawa a baƙar fata, kuma yana bin jini. Mai irin wannan a jikinsa, ko a jikin iyaye da 'yan'uwa, ya nisanci rola. Haka mai ƙuraje masu ruwa a halin yanzu, don gangar za ta kwashi ƙwayar cuta daga wannan ta shuka a wancan. Da mai kyasbi ko makero ko ƙurajen zazzaɓi a leɓe. Da mai ciwon suga. Da mai shan maganin tsinka jini. Da mai juna biyu.

In mutum ya tsallake duk waɗannan kuma ya ce sai ya yi, sharuɗɗan ba su da yawa. Allura 0.25, tasa shi kaɗai, a cikin kwalin da ba a ɓare ba. A jiƙa kanta minti goma a sifirit mai ƙarfin kashi 70 kafin a yi da bayan an gama, a bar ta ta bushe a gidanta. Ban da ruwan Hypo ko Izal, don ragowarsu cikin fata za ta shiga. A wanke hannu da fuska, a bi a hankali ba dannawa, a kauce wa kewayen ido da leɓe. Bayan sallar isha'i ya fi, a ranar da gobenta babu gona, babu shanya, babu feshi. Alwalar washegari da ruwan da aka tafasa ya huce. Babu haɗi, babu hoda, babu sabulu mai ƙarfi na kwana biyu. In ta faɗi ƙasa ko ta fara jan fata, a nannaɗe ta a jefa a masai, kada a bar ta a bola inda yara ke tsince-tsince.

Ja da ɗan zafi na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Amma in zafin na ƙaruwa maimakon raguwa, ko fuska ta kumbura ta ɗau ɗumi, ko ruwa ko mugunya na fita, ko zazzaɓi ya sauko, ko bayan makonni aka ji ƙulu-ƙulu a ƙarƙashin fata, to ba na kemis ba ne, kuma ba na komawa wajen mai haɗi ba ne. Babban asibitin Kura na kusa, daga nan in ya cancanta a tura mutum wajen likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin Bela da aka daɗe da sani da cututtukan fata. Wadda ta taɓa yin rola ta aro ta nemi gwajin ciwon hanta da ƙanjamau, ta maimaita bayan 'yan watanni kamar yadda za a gaya mata, in ba ta ɗauke da nau'in B ta karɓi rigakafinsa, allura uku cikin wata shida. Ranar zuwa asibiti kuma a tafi da rolar da kwalinta da robar man da ake shafawa, ko babu rubutu a jikinta, a faɗa wa likita tun yaushe aka fara.